Neman shawara: dokin da aka ba ni amana ya yi ciwon ciki sau biyu cikin kwana 12

Sabon Ɗan Barga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun jiya ban runtsa ba. Wata huɗu ke nan da na fara aikin barga. Ni ba da dawakai na taso ba, lodi nake yi a wani sito, da aikin ya tsaya sai aminin yayana ya haɗa ni da maigidan nan. Ranar da na je ban sa rai ba, domin mu uku ne, sauran biyun kuma sun fi ni sanin doki, ɗaya har hawa yana yi. Maigida ya ce ni ya zaɓa saboda ba ni da hayaniya, ya ce doki ba ya son mai ɗaga murya. Maganar nan ta zauna mini a rai, shi ya sa abin da ke faruwa yanzu yake ci na. Na tarar da wani dattijo da ya kusa shekara 20 a bargar, shi ya koya mini shara, ɗaura ragama, goge jiki da sakace kofato. Watan jiya ciwon baya ya sa ya ajiye aiki, har yau ba a kawo wani ba. Dawakai huɗu, duk a kaina.

Matsalar tana ga ɗaya daga cikinsu, bikili, wato jan doki, ingarma mai shekara 14. Kafin maigida ya yi tafiya ya shafa haƙarƙarinsa ya ce dokin nan ya rame, in san yadda zan yi kafin ya dawo. Sai na ƙara masa abinci. Kwana 12 da suka wuce da yamma na ga yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, ya kwanta ya tashi ya sake kwanciya. Na ja shi muka yi ta zagaye kusan awa guda, ya yi kashi, ya ware. Jiya abin ya dawo, wannan karon har da gumi a wuya, ya yi birgima sau biyu. Sai tsakar dare ya lafa. Yau da safe ya ci, amma ba da marmari ba. Maigida zai dawo nan da kwana 9. Ban kira shi ba, ban kira likita ba, domin ba a taɓa ba ni izinin kiran likita da kaina ba. Me zan yi kada abin ya sake tashi?

Mai Gyaran Kofato:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ɗan'uwa, ka ba mu labarin yadda ka samu aiki, amma ba ka faɗi abin da muke bukata ba. Wane abinci ka ƙara, kilo nawa, cikin kwana nawa? Ruwa fa? Sau nawa ya yi kashi daga jiya zuwa yanzu?

Baba Mai Ragama:
Yaro, ba sai ka amsa ba, na san abin da ka yi. Hatsi ka zuba masa. Shekarata 31 a barga, babu sabon yaron da aka ce masa doki ya rame bai ruga ga buhun hatsi ba. Saurara da kyau. Doki ka gan shi ƙato, amma tumbinsa ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba. Kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga, hanya ɗaya ce ta fita. Allah ya halicce shi ya yini yana tsintar ciyawa kaɗan-kaɗan, awa 16 ma yana yi a sake. In ka jibga masa hatsi lokaci guda, wanda bai narke ba sai ya wuce babban hanji ya yi tsami, iska ta taru, ciki ya murɗa. Doki mai nauyin kilo 500 ba a ba shi fiye da kilo 2 na hatsi a ci ɗaya, kuma duk canjin abinci ana bin sa a hankali, kwana 7 zuwa 10. Yanzu ga abin da za ka yi: ka ɗauke hatsin baki ɗaya, ka ba shi ingirici, wato busasshiyar ciyawa, kawai. In ya sake tashi, ka ɗaga kansa sama ka ɗura masa rabin kwalbar mai, ka ja shi ya yi ta tafiya, kada ka bari ya kwanta. Ba ka bukatar likita. Na yi wa dawakai fiye da yadda zan ƙirga.

Sabon Ɗan Barga:
Na gode Baba. Eh, hatsi ne da dusa. Da kilo 2 yake ci a yini, na mayar da shi 5 cikin kwana biyu. Amma ba da ganganci na yi ba, kwana 21 kacal nake da su kafin maigida ya dawo, in na bi a hankali yaushe zai cika? Da yamma nake ba shi gaba ɗaya bayan kilisa, domin da safe ina fama da sharar ɗaki huɗu ni kaɗai. Ingirici kuwa rage masa na yi, saboda ɓarna yake yi, sai ya tauna ya tauna ya zubo shi dunƙule-dunƙule a ƙasa. Ruwa bokiti ɗaya da safe, ɗaya da daddare. Bayan kilisa ba na ba shi, dattijon ya ce doki mai gumi in ya sha ruwa cikinsa zai ɗaure. Kashi ban ƙirga ba.

Uwar Godiya:
Baba, da girmanka, maganarka kan hatsi gaskiya ce, amma don Allah a janye maganar ɗura. Shekara 6 nake taimaka wa likitan dabbobi. Dokin da aka ɗaga wa kai yana cikin ciwo ba ya haɗiya daidai, man sai ya bi maƙoshin iska ya sauka a huhu, kuma ciwon huhun da ke biyo baya yana kisa. Likita in zai ba da mai ko ruwa, roba yake zurawa ta hanci har tumbi, sai ya tabbatar inda ta tsaya kafin ya zuba.

Ƙanena, abu biyu ka faɗa a wuce, su ne suka fi ɗaga mini hankali. Na farko dunƙulen ciyawar da yake zubarwa. Wannan alamar haƙori ce. Haƙoran doki suna ta fitowa tsawon rayuwarsa, turamen suna cin juna, gefensu ya yi kaifi ya riƙa yankar kumatu da harshe. Sai ya kasa niƙa ciyawa, ya rame, wadda ya haɗiye ba a niƙe ba kuma ta cushe a hanji. Ramar da maigidanka ya gani mai yiwuwa daga baki take, kuma hatsin duniya ba zai gyara baki ba, sai an goge haƙoran. Na biyu ruwa. Bokiti biyu bai isa ba. Doki yana shan lita 25 zuwa 40 a yini ko bai yi aiki ba, in ya yi gumi ya fi haka. A bar masa ruwa a gabansa dare da rana, bayan kilisa ma ya sha. Ka rage ciyawa, ka rage ruwa, ka ninka hatsi fiye da biyu, duk a mako guda. Dokin kilo 450 yana bukatar ciyawa busasshiya kilo 7 zuwa 9 kullum.

Yau ɗin nan ka auna waɗannan ka rubuta: zafin jiki ta dubura, daidai shi ne digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius. Bugun jini a jijiyar da ta ratsa ƙashin muƙamuƙi ta ƙasa, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka huɗu, daidai shi ne 28 zuwa 44 a minti, in ya haura 60 yana hutawa to gaggawa ce. Ɗaga leɓensa ka danna dasashi, launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. Kara kunne a kwiɓinsa hagu da dama, ciki mai lafiya yana ƙugi. Sannan ka kira maigidanka. Ciwo biyu cikin kwana 12 ba abin ɓoyewa ba ne.

Mai Akawali:
Hajiya, kina cewa ya kira maigida kamar abu ne mai sauƙi. Ni abin da ya same ni ke nan. Shekara uku ina kula da wata godiya, ni ke kwana a bakin ɗakinta in tana da ciki. Wata rana da dare ta fara birgima, na kira mai ita sau biyar, da ya ɗauka ya ce in bari gari ya waye. Gari bai waye da ita ba. Da ya zo, a gaban mutane ya ce ni na kashe ta da sakaci, ya sallame ni, haƙƙina na wata biyu har yau ban gani ba. Ɗan barga shi ne farkon tashi, shi ne ƙarshen kwanciya, in doki ya yi kyau a yabi mai shi, in ya faɗi a nemo mu. Ni shawarata, in za ka sanar da shi, ka yi a rubuce, ka ajiye saƙon. Kuma kada ka faɗi kilo 5 ɗin nan.

Uwar Godiya:
Allah ya bi maka haƙƙinka Malam, abin da aka yi maka zalunci ne. Amma in ya ɓoye yawan hatsin, likita zai yi ta lalube ne a duhu.

Ɗan Kilisa:
Ba wanda ya tambayi inda yake zuba abincin. In a ƙasa ne mai yashi, dokin yana haɗiye yashi tare da shi, ya taru a hanji. Ka ɗebi kashinsa ka dama a bokitin ruwa, ka bar shi ya kwanta, ka taɓa gindin bokitin ka ji. Mu a wurinmu ma fama muke, ingiricin da ake kawo mana duk ƙura da fumfuna, dawakai biyu suna tari tun bara, na yi magana har na gaji, cewa ake yi raki ne da ni.

Baba Mai Ragama:
'Yata, ni ban yi karatun asibiti ba, amma hannun nan ya riƙe ragama tun ba a haife ki ba. Na ɗura, sun tashi. Maganar haƙori na yarda da ke, da na ji batun dunƙulen tun farko da ni zan fara faɗa. Ruwa kuwa ina nan a kan bakana: doki ya dawo yana huci, a bar shi ya huce tukuna. Haka aka koya mana, haka na koya wa yara fiye da 20. Ku na yanzu kowane tari sai likita, kowane ɗingishi sai allura. Yaron nan ba shi da izini, ba shi da mataimaki, in cikin ya tashi ƙarfe biyun dare lambobinki ne za su ja masa dokin? Yaro, ka ji abin da na ce. Cire hatsi, ba shi ciyawa mai laushi, in ta yi masa tauri ka jiƙa ta. Kwana uku za ka ba ni labari.

Mai Gyaran Kofato:
Kuna ta maganar ciki kun manta ƙasa. Yawan hatsi kwatsam yana sauka a kofato, naman da ya riƙe ƙashi da bangon kofaton ya kumbura. In ya yi tsanani ƙashin yana juyawa, dokin ya nakasa. Safe da yamma ka dafa kofatan gaba ka kwatanta da na sauran dawakan, ka ji ko sun fi zafi. Ka taɓa jijiyar bayan idon sawu, in tana bugawa da ƙarfi akwai magana. In ka ga ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina nauyinsa baya, ko yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, kada ka ja shi zagaye ko taku goma, a tsayar da shi a wuri mai taushi a nemo likita. Ni kilisar ma da ka dakatar da ita. Wa ke hawansa, tunda ka ce kai ba ka hawa?

Sabon Ɗan Barga:
Na gode muku duka. Hajiya, babu ma'aunin zafi a bargar. Bugun jinin na gwada, na samu 46, na sake na samu 40, ban tabbata ina taɓa wurin daidai ba. Ruwa na ƙara bokiti ɗaya da rana, ya shanye tas. Amma ku fahimce ni, ba zan iya cire hatsin gaba ɗaya ba. Umarnin da aka bar mini shi ne dokin ya cika. In maigida ya dawo ya tarar ya ƙara ramewa, me zan ce? Na mayar da shi kilo 4, na raba biyu. Haƙori kuma, dattijon ya shekara 20 da dawakan nan, da akwai matsala ai da ya gani. Ni ina ganin ɓarna ce kawai irin tasa, domin hatsi yana cinyewa lafiya lau. A komi nake zubawa, ba a ƙasa ba. Kofato na taɓa, da ɗumi, amma na sauran ma da ɗumi.

Uwar Godiya:
Hatsi ba ya bukatar niƙa kamar ciyawa, shi ya sa yake cinyewa. Duba kashinsa, in ka ga ƙwayoyin hatsi sun fito ɗungurungum ka samu amsarka. Kilo 4 har yanzu ninkin abin da cikinsa ya saba da shi ne. Shanye bokitin nan tas kuma yana gaya maka da ƙishi yake kwana. Don Allah ka kira.

Baba Mai Ragama:
Kilo 4! Yaro, to me ka zo tambaya?

Sabon Ɗan Barga:
Baba, ba ƙin ji na yi ba. Ku kuna da shekaru a aikin, in an sallame ku gobe wani zai ɗauke ku. Ni wata huɗu gare ni. Na rubuta wa maigida saƙo tun azahar, yana nan ban tura ba, ina so in ga yadda zai kwana tukuna. Daga safe zuwa yanzu kashi huɗu ya yi, ƙanana, da ɗan tauri.

Mai Gyaran Kofato:
Lafiyayyen doki yana yin 8 zuwa 12 a kwana. Huɗu masu tauri ba abin jira ba ne. Har yanzu kuma ba ka faɗi mai hawansa ba.

Ɗan Kilisa:
Ɗan'uwa, gari ya waye. Yaya bikilin ya kwana? Ka tura saƙon?