Gwajin bayan gida da aka kawo wa Baba daga Faransa: zai yi amfani a nan Damagaram?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Baffana da ke zaune a Faransa ya zo ganin gida, cikin tsarabarsa har da wata ambulan da ya miƙa wa Baba. A ciki akwai ɗan bututu mai tsinke liƙe da murfinsa, da takardar tarar bayan gida. Ya ce a can duk wanda ke tsakanin shekara 50 da 74 ana ba shi wannan bayan kowace shekara biyu, don a gano kansar hanji da wuri. Baba ya jujjuya abin ya ce, "Yanzu kashina za ku aika Turai?" Ya tura shi cikin jakar da yake ajiye takardun fili, bai sake zancen ba. Shekararsa 63, lafiyarsa lau, da ƙafa yake zuwa Kasuwar Dole ya dawo. In matsa masa ko in ƙyale shi?

Mai awo a Zango:
Wa alaikumus salam. Aikina awon jini da bayan gida ne, bari in ɗan yi bayani. Abin da gwajin ke nema shi ne jinin da ido ba ya gani. Yawancin kansar babban hanji tana farawa da ɗan tsiro a bangon hanjin, ya ɗauki kamar shekara 10 kafin ya rikiɗe, yana ɗan tsiyayar jini mutum bai sani ba. Saboda haka masu lafiya irin Baba aka yi wa shi.

Sai dai wannan bututun na Baffa ba a karanta shi a gida. Gidan waya ake kai shi nan da nan, na'urar ɗakin awo a can Faransa ta karanta. Zafi kuma yana lalata jinin da ke ciki, kai ma ka san ranar Damagaram a watan Afrilu. Kafin ya isa ya tashi daga aiki. Ka kai Baba wurin lokotoro ku tambayi awon ɓoyayyen jini a bayan gida. Kuma tun kafin a yi, ku tambayi inda ake duba hanji da tiyo mai kyamara, wato kolonoskopi, da kuɗinsa. In aka ga jini, nan za a tura ku. Ganin jinin bai nuna lallai kansa ce ba: basir, atini da tsutsar ciki duk suna kawo shi, mu nan kuwa muna da su birjik.

Hajiya ta Mirya:
Ɗana, wannan kalmar ta basir ita ta cinye mini maigida. Kusan shekara biyu yana ganin jini in ya kewaya, yana shan jiƙo da sassaƙe, kowa na cewa basir ne. Ni na fara lura wandonsa ba ya zama sai ya ƙara ɗaure mazagi, tuwon da yake cinyewa ya koma loma uku. Ranar da muka kai shi likita an ce kansa ce, ta riga ta taɓa hanta. Ka tambayi mahaifiyarka a ɓoye ko ta ga wani canji, don mazanmu ba sa faɗa wa 'ya'ya irin wannan.

Mai awo a Zango:
Allah ya jiƙansa, Hajiya. Wanda ke ganin jini da idonsa, ko yake ramewa, ko bayan gidansa ya canza na makonni, kada ya tsaya wannan gwajin, lokotoro zai gani kai tsaye. Haka wanda uwa, uba ko ɗan'uwansa ya taɓa yin ciwon.

Ɗan Birni:
Amin, na gode ƙwarai. Na tambayi Inna jiya bayan isha'i, ta ce ba ta ga komai ba. Ni dai ba zan iya yi wa Baba maganar kashi ido da ido ba. Na roƙi amininsa da suke zama a ƙofar masallaci, ya ce zai ja shi su tafi tare ranar Litinin, tunda shi ma ya haura 60.