A bar yara su karanta littattafan soyayya a dogon hutu, ko a hana?

Malam Tijjani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga dogon hutu ya shigo, daga yanzu har cikin Satumba yara suna gida, ga kuma waɗanda suka gama WAEC da NECO suna zaman jiran sakamako. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina duk yarinya ko yaron da ya kai shekara 15, a bar shi ya karanta littattafan soyayya na Hausa a hutun nan. Zan ma ƙara da cewa littattafan nan sun zaunar da matan Kano a kan karatu fiye da yadda aji ya zaunar da su. Wanda bai yarda ba ya kawo hujjarsa.

Yaya Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malam, da wani ne ya faɗi haka da na wuce abina. Amma kai da kake tsayawa gaban allo kullum? Ni 'ya'ya mata gare ni. Yarinya ta kwana tana karanta yadda saurayi yake kallon budurwa, gobe me kake so ta sa a ranta? Ga Islamiyya, ga hadda, ga koyon ɗinki ko girki. Lokacin ya yi mata yawa ne har sai an cike shi da soyayya?

Gwaggo Asabe:
Allah ya yi maka albarka Nasiru. Mu da muka tashi, ko sunan wanda za a ba ki ba kya iya faɗa a gaban manya. Kunyar nan ita ce adon 'ya mace, kuma littattafan nan ne suka fara cinye ta.

Anti Maryam:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ki yi mini afuwa zan saɓa miki. Ni a cikin littattafan nan na tashi. A layinmu akwai mai ba da haya, ɗan tebur ne da kwali biyu. Littafi ya sha hannu har an naɗe bangonsa da takardar kalanda, wani ma shafin ƙarshe ya fita sai wadda ta riga ki karantawa ta ba ki ƙarashen da baki. Abin da ba na mantawa shi ne wata maƙwabciyarmu da aka cire daga firamare aka yi mata aure. Tana cikin kulle, ba ta fita. Ni nake karɓo mata hayar. Da farko ni nake karanta mata tana tsintar shinkafa, daga baya ta ce in bari ta gwada. Da yatsa take bin layi, tana haɗa baƙi da wasali a fili, in ta maƙale ta ƙwala mini kira ta katanga. Kafin a jima ita take rubuta wa 'yan uwanta wasiƙa da hannunta. Babu malamin da ya shiga gidan nan. Son ta san ko za a bar yarinyar labarin ta auri wanda take so, shi ya koya mata.

Malam Tijjani:
Abin da nake nufi ke nan, Anti. A 1976 aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, aka yaye dubban yara da suka iya haɗa harafi, amma me za su karanta da Hausa bayan sun bar aji? Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja suna nan, sai dai mutum ba zai yi ta maimaita su har tsufa ba. Wannan gurbin ne matasa suka cike da kansu daga shekarun 1980, suna rubutawa, suna kai wa maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, suna kai wa kasuwa. Kuma Yaya Nasiru, soyayya ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Jiki Magayi tun shekarun 1930 yake, an karantar da shi a makarantu, kuma tushen labarin mai kuɗi ne ya ƙwace wa saurayi budurwarsa. Hafsat Abdulwaheed, haifaffiyar Kano, ta shiga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya da So Aljannar Duniya, aka buga shi a 1980. Ba a ce ta ɓata kowa ba.

Yaya Nasiru:
To in lafiya lau ne, me ya sa gwamnati ta ƙona su? Ina sane da 2007, lokacin Malam Ibrahim Shekarau yana gwamnan Kano, a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu aka tara littattafan nan a makarantar 'yan mata aka cinna musu wuta. Cewa aka yi suna ɓata tarbiyyar ɗalibai. Kuma ai ba malaman addini kaɗai ba, har a jami'a an samu masu suka.

Malam Tijjani:
Gaskiya ne an ƙona, kuma gaskiya ne an yi suka. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya yi fice wajen sukar, shi ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin rubutu ne na neman kuɗi da ba zai daɗe ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya ya kare su a jaridu, aka yi shekaru ana fafatawa. Amma duba abin da ya biyo baya. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙaramar yarinya. Da ta girma ta koma karatun manya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, a kan yarinyar da aka hana karatu. Wani littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne, an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Wannan littafin labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta ne saboda ya samu sabuwa. Ka gaya mini, uban da yake da 'ya'ya mata, wane darasi ne ya fi wannan kusa da gidansa?

Kawu Bala:
Ku bari in sa baki, don ni na zauna a rumfar littattafai shekaru, na san cinikin. Duka ku biyun kuna magana a kan abin da ya wuce. A da marubuci zai kawo littafinsa kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, sirara a farar takarda mai arha. Mu 'yan kasuwa mu karɓa, masu sari su zo daga Katsina, Sakkwato, Kaduna, har Nijar. Littafi kafin ya isa hannun yarinya ya bi ta hannun mai maɗaba'a, ya bi ta hannunmu, kuma marubucin an san gidansu. In ya rubuta abin kunya, a rumfa za a tare shi. Ga Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, ita ma daga baya ta sa ido a kan marubuta. Yanzu fa? Takarda ta yi tsada, masu saye sun ragu, da yawa daga cikinmu mun koma wata sana'ar. Yaran yanzu a waya suke karatu. Malam, in ka ce a bar su, wanne kake nufi?

Yaya Nasiru:
Yauwa Kawu. Nan nake so a zo.

Khadija:
Kawu ya faɗi gaskiya. Ku yi haƙuri in yi magana a gaban manya, amma ni ce nake cikin abin, ni da ƙawayena a jami'a. Yadda yake tafiya shi ne, marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Daidai inda labari ya ɗau zafi sai ta ce daga nan na kuɗi ne, ki tura kuɗi ta banki ko katin waya, ki tura shaidar biya, a sa ki a rukunin da ake sakin shafi kullum. Wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Babu mai tambayar shekarunki. Yarinyar aji uku na ƙaramar sakandare za ta iya shiga da wayar mamanta.

Akwai masu kyau sosai, wallahi. Na karanta waɗanda suka yi magana a kan fyaɗe da shaye-shaye da cutar sikila tsakanin masoya, da hankali da tausayi. Amma akwai na batsa tsagwaronta, kuma su ne suke saurin yaɗuwa, domin masu karatu a rukunin su suke matsa wa marubuciya ta ƙara. Ta ga abin da ke kawo kuɗi sai ta bi.

Abin da ya fi damuna ma ba batsar ba ce, don ita kowa ya gan ta ya san ta. Wani salon labari ne da ake ta maimaitawa. Yarinya 'yar shekara 16 ko 17, talaka, a aura mata attajiri da ya ninka ta a shekaru. Ya wulaƙanta ta, ya mare ta, ya hana ta zuwa gidansu, ita kuma ta yi ta haƙuri, a ƙarshe ya kamu da sonta ya kai ta Dubai. Na ga ƙawayen da suka ɗauki wannan a matsayin yadda so yake. Saurayi yana zaginta a waya, tana cewa kishi ne.

Gwaggo Asabe:
Kun ji ko? Daga bakin mai karantawa.

Anti Maryam:
Gwaggo, ai abin da Khadija ta faɗa bai rushe maganata ba. Wa ya koya mata gane cewa wancan salon guba ne? Yawan karatun ne. Wadda ta karanta ashirin ita ke iya bambance mai kyau da marar kyau. Wadda aka hana, ranar da ta samu ɗaya a ɓoye za ta haɗiye shi gaba ɗaya, kuma ba za ta zo ta tambaye ki ba tunda ta san laifi ta yi. Hana yarinya labarin so a shekarun nan kamar tare ruwan damina ne da tafin hannu, ta wani gefen zai bi.

Yaya Nasiru:
Anti, wannan hujjar da ita ake halatta komai. Sai a ce tunda za su yi a ɓoye, a bar su. A'a. Akwai abin da uba zai ce ba a yi a gidansa ko da ya san ba ya gani duka. Kuma Malam, kai malamin Hausa ne, ka taɓa duba rubutun na waya? Rabi Hausa rabi Turanci, babu ƙ babu ɗ, kalmomi a manne da juna. Wane karatu ake koya a nan?

Malam Tijjani:
Ina gani a takardun jarrabawa, Yaya, kuma yana ci mini rai. Amma ɗalibar da ke karanta labari, ko da rubutunsa ya karkace, in na ce ta rubuta insha'i tana cika shafi biyu da zance mai kai da ƙafa. Gyaran ƙa'idar rubutu aikina ne, ina iya yi a zango ɗaya. Wanda ba ya karanta komai sai kallon gajerun bidiyo, layi biyar yake gagararsa, kuma wannan ba na iya gyara shi a shekara. Ka duba gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata zalla. Matan da ke turo labarai daga ina suka koyi ƙirƙira? Ba daga darasin nahawu ba.

Maganata tana nan yadda na faɗe ta, sai dai Kawu ya tambaye ni wanne, to ga amsa. Ga 'yar shekara 15, na takarda, wanda sunan marubucinsa yake a bango, kuma uwa ko yaya ta riga ta karanta. Rukunin kuɗi na waya ban yarda yarinyar sakandare ta shiga ba.

Khadija:
Malam, matsalar ita ce na takardar da kake nufi yawancinsu an rubuta su kafin a haife mu. Ƙanwata za ta karanta wasiƙar soyayya da ake ba yaro ya kai, ta ce wannan zamanin su Mama ne. Ni abin da na nema na rasa shi ne labarin yara biyu sa'annin juna, 'yan Kano na yau, tana jiran JAMB, shi yana koyon gyaran waya a Farm Centre, suna son juna da mutunci, iyaye suna ciki, ba attajiri ba mari. Kusan kowane labari daga aure yake farawa ko a aure yake ƙarewa cikin shafi kaɗan. Shekarun nan na tsakani, waɗanda muke ciki, ba a cika rubuta su ba.

Kawu Bala:
Domin ba mai saye, 'yata. Marubuci ba zai zuba kuɗin takarda a abin da iyaye za su hana, yara kuma ba su da kuɗin kansu. In iyaye irin su Nasiru za su shiga kasuwa su ce a ba su littafin da ya dace da 'yar 15, wallahi cikin shekara za a rubuta shi. Mu abin da aka tambaya muke sarowa.

Gwaggo Asabe:
Ni dai ban sauya ba. Jikokina in sun zo hutu wurina, Alƙur'ani da aikin gida. Wanda yake so ya ba 'yarsa, gidansa ne.

Yaya Nasiru:
Na waya kam ko kusa, kuma wayar ma da dare a ɗakina take kwana. Na takarda kuma ban ce na yarda ba. Malam, kai ma kana da 'ya a sakandare. Ka faɗa mana a nan wanne za ka miƙa mata da hannunka a hutun nan, in samo shi in karanta da kaina tukuna.

Malam Tijjani:
Wa Zai Auri Jahila? Shi na ba ta, mahaifiyarta ta riga ta karanta. In ka tashi daga kasuwa gobe ka biyo ta gida bayan la'asar ka karɓi nawa, sai dai ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.