An kawo mana sabon tsari a ofis, aiki ya ninka: ku yaya kuka yi?

Shugabar sashen ajiyar fayiloli:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da aka ce mu daina buɗe fayil na takarda, komai ya koma kwamfuta. An kawo na'urori, an yi mana horon kwana biyu. Amma har yau mutanena sai sun cike fom da biro, in yamma ta yi su zauna su sake shigar da shi a kwamfuta. Kowa ransa a ɓace, ni kuma daga sama ana ta tambayata me ya hana. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya fita.

Akanta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu wata bakwai muka yi muna riƙe da littafi da kwamfuta a lokaci guda, domin ba wanda ya tsayar da ranar rufe tsohon. Sai da manaja ya sa rana, ya kwashe littattafan ya kulle a kabad. Makon farko mun ji jiki, bayan nan hannu ya saba. Muddin tsohuwar hanya na buɗe, ita za a bi.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya, ka yi haƙuri, ban yarda kulle kabad ne maganin ba. A wurinmu ranar Juma'a aka manna sabon jadawalin aiki a allon sanarwa, wai Litinin zai fara. Ba a tambayi kowa ba. Akwai masu ɗauko yara daga makaranta, akwai mai jinyar mahaifiyarta da dare. Cikin wata biyu ƙwararru biyu suka ajiye aiki, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu, don su ne suka koya mana aikin. Da aka canja shugaba, sai ta tara mu ta ce ga yawan mutanen da ake bukata a kowane lokaci, ku tsara da kanku. Abin da muka fitar kusan ɗaya ne da wanda muka ƙi. Amma wannan mu muka rubuta shi, kowa ya san dalilin kowane layi.

Jami'in kula da ma'aikata:
Abin da 'yar'uwa ta faɗa an gwada shi tun 1948. Lester Coch da John French sun yi nazari a wata masana'antar ɗinka kayan barci a jihar Virginia ta Amurka. Rukunin da aka sanar da su canji kawai, aikinsu ya ja baya, wasu suka bar aikin. Waɗanda aka zauna da su aka tsara canjin tare, nan da nan suka farfaɗo, har suka wuce yadda suke yi a da. Shi ma Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam, matakai uku na canji ya kawo: a fara sassauta tsohon sabo, a yi canjin, sannan a kafa sabon ya zauna da gindinsa. A wuraren da na yi aiki, matakin farko ake tsallakewa. Ana ɗauka horon kwana biyu ya wadatar, alhali mutum bai ma gamsu cewa tsohuwar hanya na da aibu ba.

Tsohon magatakarda:
'Yata, bari in faɗa miki abin da mutanenki ba za su furta ba. Shekara 26 ina aiki, duk fayil ɗin da ya ɓata ni ake nema. Ranar da kwamfuta ta zo, yaron da na koya wa aiki ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Ba taurin kai ya sa na riƙe biro ba, tsoro ne: kada in yi kuskure a gaban yara, kada kuma a ce ba a bukatata. Shugabana ya kira ni ni kaɗai ya ce ba wanda za a sallama, ya haɗa ni da wani yaro mai haƙuri, rabin awa kullum bayan an tashi. Idan kin san ba za a rage ma'aikata ba, ki faɗa musu da bakinki. Idan ba ki sani ba, kada ki yi alkawari.

Shugabar sashen ajiyar fayiloli:
Na gode Baba, na gode muku duka. Yau na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ban yi faɗa ba, tambaya kawai na yi. Ashe sabon fom ɗin ba shi da gurbin da ake rubuta wanda ya karɓi fayil da ranar da zai dawo da shi. Shi ya sa suke ajiye takarda, don kada fayil ya ɓata a ɗora musu laifi. Wata uku ina ganin ƙin bin umarni ne, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Gobe zan tafi wurin masu kula da manhajar tare da biyu daga cikinsu. In an gyara, sai mu tsayar da ranar rufe takarda tare. Malam Akanta, kwana nawa manajanku ya ba ku kafin ya kulle kabad ɗin?