"Ba a fafe gora ranar tafiya": a haɗa kaya tun da wuri ko a adana?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum jama'a. Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu buga gem ɗin The Last of Us, na farkon nan da Naughty Dog ta fitar a 2013. Wasu sun ce da ka tsinci kayan haɗi, wato tarkacen da ake haɗa makamai da kayan jinya da su, ka tsuguna ka haɗa, hujjarsu "ba a fafe gora ranar tafiya". Wasu kuma sun ce wannan karin maganar ce ma ta hana taɓa kaya, a adana su sai ranar wuya. Wa ya yi mata fahimtar daidai?

Malamin Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Na farkon ne suka dace, amma a fara da gorar. Sabuwar gora ba ta ɗaukar ruwan sha sai an huda bakinta, an kwashe 'ya'ya da totuwar ciki, an jiƙa ta ɗacin ya fita. Aikin kwanaki ne. Wanda ya bari sai ayari ya ɗaura kaya, ko ya tafi ba ruwa ko ya sha mai ɗaci. Ashe maganar tana kan aikin da ke cin lokaci, babu ruwanta da ɓoyo. A wasan nan idan Joel, jarumin wasan, ya buɗe jakar baya, duniya ba ta tsaya ta jira shi. Yana tsugune yana naɗa tsumma, abokan gaba suna ta yawonsu. Mai haɗa kayan jinya alhali ana binsa a guje, shi ne mai fafe gora ranar tafiya.

Mai Gyaran Fad: Malam ya gama magana, ga lissafin. Kayan haɗi iri shida ne: reza, salatef, tsumma, sifirit, albarushi da sukari. Kowanne ba ka ɗaukar fiye da uku cikakku, kuma a gutsure ake tsintarsu, kwata ko rabi, sai sun cika ɗaya ake iya aiki da su. Abin da ka haɗa ma uku ne iyakarsa. To wanda tsummansa ya cika uku ya ƙi haɗa komai, duk tsumman da ya gani a durowa daga nan sai dai ya kalla ya wuce. Wanda ya haɗa uku ya sake tara ɗanyu uku, shida ke nan a hannunsa. Mai "adanawa" shi ne ya fi kowa asara.

'Yar Obalende: Yaya, ban yarda da kai duka ba. Lissafinka daidai ne idan jaka ta cika, amma sau nawa take cika a matakin Survivor ko Grounded, matakan da suka fi wuya? Matsalar ita ce abu ɗaya yana da miji biyu. Tsumma da sifirit su ne kayan jinya, su ne kuma bam ɗin kwalba. Reza da salatef suna ba ka 'yar wuƙa, su ne kuma ake ɗaura wa sanda ko bututun ƙarfe don ya kashe da bugu ɗaya, ga bam ɗin ƙusa shi ma reza yake ci tare da albarushi. Idan tsumma ɗaya gare ka da sifirit ɗaya ka yi gaggawar mai da su kayan jinya, sai ka tarar da masu cutar, mutanen da annobar wasan ta mai da dodanni, sun cika ɗaki, ka rufe wa kanka ƙofa. Wanda ya bar su ɗanyu yana da zaɓi biyu. Wannan ba rowa ba ce.

Malamin Idi-Araba: Kin kawo gyara mai kyau, 'yata. Sai dai ki duba, karin maganar ba ta ce a fafe gora wata guda kafin tafiya ba, ranar kawai ta hana. Jajibiri ya isa. A wasan, jajibirin shi ne bakin ƙofa ko bayan mota, inda ka kasa kunne ka ƙirga su nawa ne kuma wane iri. Nan ne wurin yanke shawara, kafin a gan ka.

Kawu Alaba Rago: Ku yara kun manta da ɗaya gefen, "ranar wanka ba a ɓoye cibi". Cutar da ta fi kama masu buga irin wannan wasa ita ce su kai ƙarshe da bama-bamai uku-uku ba su jefa ko ɗaya ba, suna jiran babbar rana. Ƙaton nan mai kumburarren jiki da ake haɗuwa da shi a ɗakin wasannin makaranta a garin Bill, ba a wuce shi da laɓe, dole a kashe shi, kuma da ya kama ka an gama. Jikinsa sulke ne, harsashin ƙaramar bindiga ɓarna ne a kansa. Wuta ce maganinsa: a jefa masa bam ɗin kwalba, ya ƙone sulken ya yi laushi, sannan a bi shi da shotgan ko bindigar farauta. Wanda ya tsaya tausayin kwalba ɗaya a nan zai zubar da harsasan da suka fi ta tsada.

Ɗan Agege: Kawu, ke nan karin maganganun biyu sun ci karo?

Kawu Alaba Rago: Ina! Ɗaya ta kafin a shiga ce, ɗaya ta bayan an shiga. Abin da ya rage shi ne gane ranar wankan, don ba kowane yayyafi ake tuɓe wa riga ba. Masu cutar nan masu gudu guda biyu a lungu ba su kai a ƙona musu kwalba ba, a bi su ta baya a shaƙe, kyauta ne.

Mai Gyaran Fad: Tunda an zo kan kyauta, bulo da kwalbar banza sun fi rabin makaman wasan amfani, kuma a zube suke ko'ina. Makafin nan masu ƙyas-ƙyas da baki ba sa gani, da sauti suke aiki. Ba sa shaƙuwa da hannu, sai da 'yar wuƙa, shi ya sa sababbin shiga suke ƙarar da rezarsu a kansu. Ga yadda ake yi: ka jefa kwalba can kusurwa mai nisa, ka jira su taru a inda ta fashe, sannan ka aika musu bam ɗin kwalba ɗaya su ƙone tare. Abin da ke ɓata wannan dabara gaggawa ce, a jefa wutar tun na baya bai iso ba, ya tsira ya juyo. Idan guda ɗaya ne, ka jefe shi da bulo ya gigice, ka ruga ka ƙarasa shi da sanda kafin ya dawo hayyacinsa. Idan kuma wucewa kawai kake so, ka tsuguna ka tura sandar fad, abin riƙon da ake buga wasan da shi, rabi-rabi. Turawa har ƙarshe, ko a tsugune kake, suna ji in kana kusa. Fad ɗin da sandarsa ta fara jan gefe da kanta kuwa, a kai ta kasuwar Computer Village a canza kafin a ɗora wa wasan laifi.

'Yar Obalende: Kuma dalilin tattalin 'yar wuƙa shi ne ƙofofin nan kullallu da ba sa buɗuwa sai da ita. Wuƙa ɗaya take ci, amma a ciki akan sami harsasai, ƙwayoyin ƙara ƙwarewa, sassan gyaran bindiga da kayan haɗi da suka ninka abin da ka kashe. Don haka ƙa'idar ita ce kada wuƙar ƙarshe ta tafi a wuyan makaho. A nan kam ɓoyo ya halatta, Kawu.

Baban Yara Mile 12: Ni wadda nake so a duba ita ce "harbi a wutsiya ya fi kuskure". A gidan gem ana yawan faɗarta idan mutum ya sami abokin gaba a ƙafa. A ganina a wannan wasa ba ta aiki. Harsashi ya tafi, abin bai mutu ba, ƙarar kuma ta tara maka jama'ar unguwa.

Malamin Idi-Araba: Maganar mafarauta ce, kuma gaskiya ce a inda dabba ke gudunka. A nan kuwa dabbar ce ke nemanka, sai "tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka" ta fi dacewa. Amma ba ta mutu gaba ɗaya ba. Da baka ana iya faɗarta, tunda kibiya ba ta da ƙara, kuma wani lokaci takan tsira ka zare ta ka sake amfani da ita, wani lokaci ta karye.

Mai Gyaran Fad: Malam, ko da bakan ma a nemi kai. Kibiya tana lanƙwasa a nesa, sai an ɗaga hannu kaɗan. A teburin gyara kuma kada a fara da saurin harbi. A fara da ƙarin kube na ƙaramar bindiga da na doguwa, don a riƙa sauya makami ba tare da an tsuguna buɗe jaka ba. Wannan ma fafe gora ne.

Ɗan Agege: To janareton ƙarƙashin otal a Pittsburgh fa? Nan ne mutane suka fi zubar da kaya.

Kawu Alaba Rago: Ɗan Legas bai kamata janareto ya ba shi mamaki ba, ya san da an ja igiya maƙwabta sun ji. Tsarin shi ne: ka fara nemo katin buɗe ƙofa, ka bi hanyar daga janareton zuwa ƙofar da ke sama har ka haddace ta, ka cika kowace bindiga, ka haɗa abin da za ka haɗa. Sai a ƙarshe ka tayar da injin. Yana kamawa masu cutar nan masu laɓe da wani ƙaton za su fito, kai kuma ba faɗa ya kawo ka ba, gudu za ka yi ka saka kati ka fice. Wanda ya tayar da inji kafin ya sami kati, shi ne zai yi ta laluben ɗakuna ana jifansa da guba.

'Yar Obalende: Sai dai a kashi na biyu, na 2020, lissafin ya canza. A can da Ellie da Abby ake buga wasan: wuƙar Ellie ba ta karyewa, don haka makaho ba ya cin mata reza, Abby ce ke haɗa 'yar wuƙa. An kuma ƙara abin toshe ƙarar fistol, wanda da farko harbi uku kawai yake ɗauka ya lalace, kuma shi ma tsumma yake ci. Ke nan tsumma ya zama na miji uku. Ga karnuka masu bin sawu da hanci, waɗanda ba sa barin mutum ya daɗe tsugune a bakin ƙofa yana shawara. Malam, jajibirin naka ya gajarce sosai a can, sai dai a ja baya da nisa a shiga ciyawa a kwanta kafin a buɗe jaka.