Lesa ta cire tsatsa amma ta bar mol da launin shuɗi

Mai Mol: Salamu alaikum. Injin lesa ne mai wat 1500, ana cire tsatsa da ƙonannen roba daga mol ɗin bokiti (ƙarfen da ake zuba narkakken roba a cikinsa ya fito da siffar bokiti) da shi. Tsatsar tana tafiya, amma fuskar ƙarfen tana komawa ruwan ƙasa, wani wurin shuɗi, bokitin kuma yana fitowa babu sheƙi. Saiti ne ko injin ne?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, duba jikin injin. Mai wat 1500 kusan kullum CW ne, wato haskensa na zuba babu yankewa, zafin kuma yana ratsa ƙarfe. Launin nan shi ne shaida: ruwan ƙasa wajen digiri 250 ne, shuɗi ya doshi 300. In har saman ya ɗan narke, sheƙin ya tafi, sai an sake goge mol ɗin da hannu da man daimon, wato man goge ƙarfe mai garin lu'ulu'u. Aikin mol na lesa mai bugu-bugu ne, wato mai sakin haske yana yankewa, wat 100 zuwa 300, kowane bugu kamar nanosakan 100 zuwa 200 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Dattin yana tashi kafin zafi ya shiga ciki. CW a bar shi ga ƙofofin ƙarfe da tankuna.

Injiniya: Gaskiya ne. Ko da mai bugu-bugun ma a bi a hankali. A fara share mai da giris, don lesa na ƙona su su manne. A gwada a bayan mol tukuna, da ƙaramin ƙarfi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wucewa biyu ko uku da sauri, kowacce ta gitta ta baya, ta fi wucewa ɗaya a hankali, domin inda hannu ya tsaya nan ne layi ke fitowa. A karkata kan injin digiri 10 zuwa 15, kada hasken ya dawo ya lalata shi. Ramukan da tsatsa ta riga ta ci kuwa, lesa ba za ta cike su ba.

Mai Walda: Ƙari kaɗan, ranka ya daɗe. Gilashin kariya na bakin injin a duba shi kowace safiya, balle lokacin hunturu da ƙura. Ɗigo ɗaya a kansa yana ɗaukar zafi har ya fasa shi. Tabaran walda ba ya wadatarwa. A nemi wanda aka rubuta 1064 a jikinsa, wato lambar irin hasken lesar nan, don ido ba ya ganin wannan hasken. A sa injin zuƙe hayaƙi kusa da wurin. Da an gama a shafa man hana tsatsa nan take, ƙarfen da aka wanke da lesa da damina ba ya kwana bai fara ja ba.