Zaɓen littafin koyar da renon daji a jami'a

Wasu malamai sun tattauna kan littafin da ya fi dacewa da koyar da renon daji, wato kula da itatuwan daji tun daga dashe har zuwa sara. Sun fi nanata abu guda: a duba wane irin daji littafin yake magana a kai. Yawancin sanannun littattafan fannin a kan dazuzzukan ƙasashe masu sanyi aka rubuta su, inda nau'o'in itatuwa ba su da yawa. Ɗalibin da zai yi aiki a dajin wurare masu zafi, mai ɗaruruwan nau'o'i, ba za su wadatar da shi ba. Wannan gaskiya ce da na yarda da ita ƙwarai.

Sun kuma so littafi ya fara da yadda itace ke amfani da haske, ruwa da ƙasa, kafin batun dashe, rage cunkoso da tsarin sara. Wasu sun ce a haɗa da sababbin binciken mujallu, a riƙa fita daji da ɗalibai.