Zanen da ke cikin littafi da zanen da ke jikin bango

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so kowannenmu ya faɗi abin da ya same shi a kan abu guda, wato ranar da ya gano cewa zanen da ya daɗe yana kallo a littafin tarihin fasaha ya sha bamban da wanda ya fito daga hannun mai shi. Tunda ni na tayar da maganar, bari in fara da kaina.

Na fi shekara goma ina ajiye da wani littafi mai kauri a kan zanen ƙarni na 20, kuma a cikinsa akwai Gernika, wanda Pikaso ya zana a 1937 bayan jiragen yaƙin Jamus da Italiya sun yi wa garin Gernika na arewacin Sifaniya ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilun wannan shekara. Rabin shafi kawai hoton ya ci, amma na haddace shi tsaf: dokin da ya wage baki a tsakiya, bijimin da ke hagu, uwar da ke rungume da gawar ɗanta, da fitilar sama mai kama da ido. Har bayaninsa nake yi wa abokai da gadara. Da Allah ya nufa na tsaya a gabansa a gidan adana zane na Reina Sofia da ke Madrid, sai bakina ya mutu. Tsayinsa ya kusa mita 3.5, faɗinsa ya kusa mita 7.8, ido ba ya iya ɗaukarsa a kallo ɗaya sai an juya wuya daga wannan gefe zuwa wancan. Na ga inda fenti ya zuba ya gangaro, na ga layukan da ya fara ja sannan ya sake shawara ya rufe su ba su ɓace duka ba, alhali a littafina komai sumul yake. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da na dawo na buɗe littafin, na tarar da awon a rubuce da ƙananan haruffa a ƙarƙashin hoton, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa karanta wannan layi ba.

Malama mai koyar da zane:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban taɓa tsayawa a gaban ko ɗaya daga cikin manyan zanukan nan ba, amma irin kunyarka ta kama ni a cikin aji, a gaban ɗalibai. Wata yarinya ce ta tambaye ni ko Mona Lisa, shahararren zanen nan na wata mata, ta kai girman ƙofa, na buɗe baki zan ce ta kai, sai idona ya faɗa kan ƙaramin layin da ka ambata: santimita 77 da 53, kuma a kan katako aka yi ta, ba a kan ƙyalle ba. Tun daga ranar ban sake nuna wa ɗalibai wani zane ba sai da abin awo da alli a hannuna. Mukan karanta awon, mu zana murabba'insa a jikin bango, sannan mu buɗe hoton. Da muka zo kan zanen Vermeer na yarinyar da ta sunkuya tana saƙar leshi, wanda bai wuce santimita 24 da 21 ba, sai muka ga ashe littafin ƙara masa girma ya yi, domin cikakken shafi aka ba shi. Gernika kuwa bangon ajinmu ya kasa ɗaukarsa, dole muka fita waje muka auna shi a ƙasa, ɗalibai goma sha biyu suka jeru a gefensa bai cika ba.

A ganina littafi kamar tela ne mai awo ɗaya, wanda yake ɗinka wa jariri da ƙato riga iri guda. Wanda ya yi ƙaramin zane yana so ka matso har numfashinka ya kusa taɓa shi, wanda ya yi babba yana so ka ja da baya ka ji ƙanƙantarka, kuma wannan niyya tana cikin ma'anar aikin ko da marubucin littafin bai ce komai a kanta ba.

Baba, tsohon ma'aikacin ɗab'i:

'Ya'yana, kun yi maganar girma, ni kuma zan yi ta launi, domin a kansa na ƙare ƙuruciyata. Duk hoton da kuke gani a irin waɗannan littattafai, in ban da 'yan kaɗan masu tsadar aiki, da tawada huɗu ake buga shi: shuɗi mai haske, ja mai ratsin shunayya, rawaya, da baƙi. Ku sami gilashin ƙara girma ku ɗora a kan fuskar da kuka fi so a littafin, za ku ga babu fuska, sai ɗige-ɗige masu launi huɗu sun jeru, idonku ne yake haɗa su daga nesa. Akwai launukan da tawadar nan huɗu ba ta iya kaiwa gare su ko an kwana ana gyara. Shuɗin nan mai zurfi da masu zanen Italiya suke samu daga niƙaƙƙen dutsen lapis lazuli, wanda ake haƙowa a Badakshan ta Afghanistan, yakan fito a takarda a dushe ko ya karkata zuwa shunayya. Zinariyar da ke cikin ƙananan zanukan littattafan Farisa na hannu ta fi ba mu wahala, domin kyanta a motsi yake, tana walƙiya idan an karkata shafi, mu kuwa abin da muke iya bayarwa shi ne rawaya mai duhu da ba ta motsi.

Sannan ku sani cewa mai injin bai taɓa ganin zanen ba. Hoto ake kawo masa, wanda wani ya ɗauka a ƙarƙashin wata irin fitila, shi kuma ya yi ta gwada bugunsa da hoton. Na tuna wani dare da muke buga wani kundin zane, abokin aikina ya ga kamar fatar mutanen ta yi fari da yawa, sai ya ƙara wa jan tawada hanya a tsakiyar aiki. Da gari ya waye muka jera takardar farko da ta ƙarshe, ɗaya kamar mai jinya, ɗaya kamar wanda ya sha rana. Duka aka ɗinke su aka fitar, kuma na tabbata akwai mutum biyu a duniya da kowannensu zai rantse cewa launin nasa kwafin ne na gaskiya.

Ɗalibi mai koyon fenti:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni sau ɗaya na ɗora wa masu ɗab'i laifin da ba nasu ba. An ba mu aikin kwaikwayon zanen ɗakin kwana na Van Gogh, na aro littafi biyu don in gwada, sai na ga daɓen ɗakin ya bambanta, hotunan da ke rataye a saman gadon ma fuskokinsu ba ɗaya ba ne. Na kai wa malaminmu ƙara cewa ɗaya daga cikin littattafan jabu ne. Bai ce mini komai ba, yatsa kawai ya ɗora a ƙarƙashin kowane hoto. Na farko an rubuta 1888, yana Amsterdam, na biyu an rubuta 1889, yana Chicago, kuma ya gaya mini akwai na uku, ƙarami, shi ma na 1889, a gidan zane na Orsay da ke Faris. Sau uku mutumin ya zana ɗakin, ni ina can ina neman wanda ya yi ƙarya.

Abin da ya fi wannan ɗaure mini kai ya zo daga baya. Na dage na haɗa shuɗin bangon ɗakin har ya yi daidai da na littafi, sai na karanta cewa a wasiƙar da Van Gogh ya rubuta wa ƙaninsa Theo ya kwatanta bangon da launin shunayya mai haske. Jan da ya gauraya a ciki irin wanda haske ke cinyewa ne, da ya koɗe sai shuɗin ya rage shi kaɗai. Ke nan ko wanda ya je Amsterdam yau ba zai ga launin da ya bar hannun mai zanen ba. Kuskurena na uku shi ne na shafa fentin siriri kamar mai shafen bango, domin shafi ba ya nuna kauri, sai da na ga wani hoto da aka ɗauka da fitila daga gefe na gane cewa kowane jan buroshi tudu ne mai inuwarsa.

Hajiya mai tara littattafai:

Ƙannena, ku yi mini haƙuri in ɗan kare littafi, domin na ga kun taru a kansa. Na shiga majami'ar Sistina da ke fadar Batikan, inda Mikelanjelo ya zana rufin tsakanin 1508 da 1512, kuma gaskiyar magana ita ce abin da na sani game da rufin nan a littafi na san shi. Rufin yana sama da kai da kimanin mita 20, wuya yakan gaji kafin a ƙare kallon sashe ɗaya, fuskokin da na saba gani cike da shafi sun koma kamar ƙwayar wake. Na ji nauyin wurin, wannan kam littafi bai ba ni ba, amma tsagar da ke jikin shafen, da iyakar da ke nuna inda aikin yini ɗaya ya tsaya na gobe ya ɗora, waɗannan mai ɗaukar hoto da ya hau kusa ne ya nuna mini su.

Inda littafi ya yaudare ni daban ne. Na gaji wani tsohon kundi daga mahaifina, bugun shekarun 1970, wanda rufin ya fito a cikinsa da launin ƙasa mai duhu, kuma marubucin ya cika shafuka yana bayanin cewa Mikelanjelo masassaƙi ne da bai damu da launi ba. Da aka wanke zanukan majami'ar tsakanin 1980 da 1994, aka cire kunkunniyar kyandir da gam ɗin da masu gyara na baya suka shafa, sai ga kore da ruwan lemo da ruwan hoda suna haskawa. Ashe rabin fassarar malamin nan a kan hayaƙi ya gina ta. Duk da haka ban jefar da kundin ba, domin akwai masana da suka yi jayayya cewa wankin ya tafi da wasu inuwoyi da mai zanen ya ƙara da hannunsa bayan shafen ya bushe, kuma tsofaffin hotuna irin nawa suna cikin shaidun da suka rage.

Mai buɗe zance:

Hajiya, kin tuna mini da zanen Rembrandt na 1642 da ake yi wa laƙabi da sintirin dare, alhali ba dare ya zana ba, man sheƙin da aka shafa masa ne ya yi duhu har sunan ya bi shi. A 1715 kuma aka yanke gefunansa don ya shiga wani bango a zauren birnin Amsterdam, wasu daga cikin mutanen da ke cikinsa suka tafi tare da yankin hagu. Na daɗe ina karanta bayanin tsarinsa ban san cewa tsakiyar da nake kallo ba ita ce tsakiyarsa ta asali ba.

Malama mai koyar da zane:

Akwai wuri ɗaya da mai littafi ya fi wanda ke tsaye a gidan zane sauƙi, kuma jiya na gwada shi. A zanen jakadu biyu da Holbein ya yi a 1533, wanda ke Landan, akwai wani dogon abu a karkace a gaban ƙafafunsu, wanda ɗalibaina suka yi ta gardama a kansa, wani ya ce ƙashin kifi ne, wata ta ce kuskuren injin ɗab'i ne. Na ce kowa ya ɗaga littafin daidai idonsa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa shafin daga gefen dama yana karkata shi a hankali. Yarinyar da ta taɓa tambayata girman Mona Lisa ce ta fara ganin ƙoƙon kan mutum ya haɗu, ta yi ƙara ta saki littafin a ƙasa.